Lambun dashen da ke gangaren Binuwai: shekara huɗu ina ciniki da shi

Duk wadda ta shigo gidanmu a unguwar Yelwa ta Garwa, a Kamaru, kafin ta cire takalmi idonta ya riga ya hau katanga. Ana gama gaisuwa sai tambaya: "Hajja, a ina kike samo waɗannan furanni?" Na gaji da ba da amsa guntu-guntu a bakin ƙofa, shi ya sa yau na zaunar da jikata da waya a hannu, ina faɗa tana rubutawa. In kun ga kuskuren rubutu nata ne, in kun ga tsawon zance nawa ne.

Wurin da nake sayen dashe yana gangaren Binuwai, ba nisa da gada. Masu Faransanci pepiniyar suke ce wa irinsa, mu dai lambun dashe muka sani. Ba shi kaɗai ba ne a wajen, kuma ba zan kama sunan mai shi ba, domin zan faɗi alherinsa, zan kuma faɗi inda ya ɓata mini rai, ban kuwa nemi izininsa ba. Wadda ta matsu ta zo gida in kwatanta mata. Na ga wurin cikin ƙura, na gan shi cikin caɓi, saboda haka ba labarin zuwa ɗaya nake ba ku ba.

Ni ungozoma ce. Sama da shekara 30 na yi ina karɓar haihuwa, a ƙauye da cikin Garwa, har gwiwa ta ce ta gaji, gwamnati ma ta ce in huta. Watan farko na ritaya barci na sha. Wata na biyu na fara neman kowa da faɗa, har tsintsiyar gidan ba ta tsira ba. 'Yata da ke aure a Yawunde ce ta ce, "Inna, ki nemi abin reno, hannunki bai iya zaman banza ba." Kaji na fara tunani, sai na tuna warin akurki. A tsakar gidan kuwa ba komai sai darbejiya ɗaya da wani tsohon lalle da na tarar tun ina amarya.

Zuwana na farko a Disamban 2021 ne, lokacin da gari ya rikice da shirin gasar ƙwallon Afirka, ana fenti ana gyaran hanyoyin da ke zuwa filin Rumde Ajiya, masu otal suna kwasar dashe mota-mota. Na ƙulle jaka 20 a bakin zane, wato sefa 20,000, da niyyar in ciko keke mai ƙafa uku in dawo gida a ga aiki. Mai lambun wani siririn mutum ne da zai yi hamsin da 'yan kai, Fulatanci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya bar masu motocin da yaransa ya zo ya tsaya gabana. Ban gama nuna abin da nake so ba ya hau ni da tambaya. Ina rana take bugawa a gidan da hantsi, ina take bugawa da la'asar? Famfo ne, ko rijiya, ko 'yan ga-ruwa? Akwai awaki? Akwai yara masu rarrafe? Wa zai ɗauki ruwan, ke ko wani? Na yi dariya a zuci, don haka nake tsare mai ciki ranar awon farko, ita tana sauri ni ina tonon haihuwar baya.

Ƙarshenta abu uku ya yarda ya sayar mini, buganbil biyu da kariya ɗaya, sefa 3,500 gaba ɗaya. Ya tugo wasu 'yan tsirrai daga bakin kwata, ya ce sunansu perbansh, ya ba ni gyara. Sauran kuɗin ya ce in mayar bakin zane. "Hajja, yanzu iska ce a gaba, bayanta wuta. Abin da kika dasa yau wahala kika saya. Ki dawo in ruwa ya zauna." Raina ya ɓaci ranar, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka raini ne, ya ga tsohuwa da silifas a tsakanin masu motoci. Sai da Afrilu ta kama, ina jan bokiti ina haki a kan shuka uku kacal, na gane da na kwaso dashen jaka ashirin ɗin nan da ni da su ba a san wanda zai riga wani faɗuwa ba.

Hunturun Garwa ba sanyinsa ne abin tsoro ba, ƙura ce da bushewar iska. Ganye yakan yi fari kamar an barbaɗa masa garin dawa. Sau biyu a mako nake yayyafa musu ruwa da tafin hannu da yamma don su wanke fuska. A lokacin ne kuma kariya take nuna halinta. Sai ta zubar da ganye tas, ta tsaya da ƙaton gindinta kamar mai cikin wata tara, ka ce ta mutu, sai a wayi gari ta fito da fure ja mai haske a kan reshe tsirara. Duk wanda ya bi ƙasar duwatsu ta wajen Marwa da Mokolo da rani ya ga irinta a jikin dutse, ba mai ba ta ko kofi ɗaya. Tun ranar farko mai lambun ya gaya mini ruwan jikinta dafi ne, mafarautan da suna shafa shi a kibiya, in na yanke reshe in wanke hannu kafin in taɓa ido ko abinci. Ba kowane mai sayarwa zai gaya maka abin da zai iya sa ka fasa saye ba.

Buganbil kuwa shi ne ya cika katangar da kuke gani. Asalinsa daga Kudancin Amurka ne, sunan wani Bafaranshe matuƙin jirgin ruwa aka laƙaba masa. Abin nan ja da muke kira fure ma ashe ganye ne da ya rikiɗa, furen gaskiyar ɗan fari ne ƙanƙani a tsakiya, ku duba da kyau ku gani. Shekarar farko na cika masa ruwa da taki, ya yi ta ganye shar ya ƙi launi. Na kai ƙara. Mai lambun ya ce, "Kin shagwaɓa shi. Ki bar shi ya ji ƙishi." Wannan ya yi mini wuya, ni da na ƙare rayuwata ina ce wa mata a ba jariri nono duk sa'ad da ya nema. Na daure na rage, cikin 'yan makonni katanga ta kama wuta.

Bazara ita ce jarrabawar gaske. Daga Maris zuwa farkon Mayu zafi yakan haura digiri 40, simintin tsakar gida ya gasa tafin ƙafa, famfo ya ɗauke kwana biyu ko uku ba sallama. Ga shi shekara uku a jere, 2022 da 2023 da 2024, azumi ya faɗo cikin wannan wuta. Ina zuba wa shuka ruwa, ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ni kuwa ba halin in kurɓa. Tsarin da na zauna a kai shi ne ban ruwa bayan sallar asuba kafin rana ta leƙo, ranar da abin ya yi tsanani in ƙara kaɗan dab da magariba. Na ajiye baho a bakin rariya, kowa a gidan a cikinsa yake alwala. Malam, maigidana, ya yi gunaguni mako guda, daga baya shi ke ɗaukar bahon da kansa ya kai gindin yasmin. Ruwan wankin shinkafa da na gero ma ba ya zuba a banza. Ruwan wanki mai sabulun gari ne kawai ban yarda da shi ba, na gwada sau ɗaya bakin ganyen ya ƙone.

Dabarar da ta fi cetona a bazara daga mai lambun na same ta, kuma ko dala bai ci a kanta ba. Ƙaramin tulu na ƙasa, wanda ba a yi masa fenti ko shafen siminti ba, za a binne har wuya kusa da gindin shuka, a cika shi da ruwa a rufe bakin. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin tulun a hankali, saiwa ta bi sanyin ta manne masa. Cikawa ɗaya takan kai ni kwana uku, wani lokaci huɗu. Rufe bakin nan ba wasa ba ne, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce ke gaya muku, tulu a buɗe gidan sauro ne. Shi ba ya sayar da tulu, kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi ya tura ni, can na sayo shida tare da tukwanen dashe na ƙasa. Yana da tukwanen roba baƙaƙe jibge a rumfarsa, na tambayi kuɗinsu, sai ya kama hannuna ya ɗora a jikin wadda ke rana. Na janye da sauri. Ya ce, "To haka saiwar take ji." Masu ofis mai inuwa yake sayar wa su.

Yanzu bari in zo kan wardi, inda laifin rabi nawa ne rabi nasa. Na taɓa zuwa biki Ngaundere na ga wardi a wani gida, kowane fure kamar dunƙulen hannu, abin ya zauna mini a rai. Ngaundere a kan tudu take, sama da mita 1,000, iskarta daban. Garwa kuwa a kwari muke, a bakin kogi, zafi yana taruwa a kanmu kamar an kife tukunya. Ya faɗa mini haka, na ce na ji, a dai kawo. A Nuwamban 2022 ya sa aka taho mini da biyu daga can, kowanne sefa 5,000. Cikin hunturu suka yi fure uku, ƙanana, amma ƙamshin har yau yana hancina. Maris na shigowa suka fara bushewa daga kai suna gangarowa. Ɗaya ya tafi kafin sallah. Ɗayan na ja shi ƙarƙashin darbejiya ya yi ta jinya har gara ta ƙarasa shi. Jaka goma ta tafi a fure uku. Malam ya ce ko turaren Makka bai kai wannan tsada ba.

Abin da ya sa na ce rabin laifin nasa ne, da na koma na tarar ya jera wardi a sahun gaba, bakin hanya, inda idon mai wucewa zai fara sauka. Na ce, "Ɗana, ba kai ka ce ba ya yi a Garwa ba?" Ya sosa ƙeya ya ce, "Hajja, wanda ya tsaya ya tambaye ni zan gaya masa. Wanda ya miƙo kuɗi ta tagar mota, sauri yake yi." Amsar ba ta gamsar da ni ba. Gaskiyarsa tana nan, amma sai ka sauko ka neme ta, kuma sai in shi ne a wurin.

Don ranar da ba ya nan, wurin wani wuri ne daban. A Agustan 2023 na je na tarar ya tafi ta'aziyya ƙauyensu, sai babban yaronsa. Na ga wani ibiskus mai ruwan ƙwai, fure biyu a buɗe, ganye shar, a cikin leda cike da baƙar ƙasa. Sefa 2,000 na biya ban ko yi ciniki ba. Kwana uku a gida ya sunkuyar da kai. Na ba shi ruwa, na kai shi inuwa, bai ɗago ba. Ran na biyar na ce bari in duba kamar yadda nake duba mabiyiya, don ba a sallamar mai jego sai an ga komai ya fita daidai. Na riƙe gindin da yatsa biyu na ɗan ja, sai ga shi ya zaro sumul kamar an zare tsinke daga tsire. Ko silin saiwa babu. Reshe ne aka yanko da furensa aka soka a leda.

Na naɗe shi a jarida na ajiye har mai lambun ya dawo. Na je na shimfiɗa masa a kan teburinsa ban ce komai ba. Ya ɗaga ya juya shi, ya kira yaron, suka yi magana da yarensu wanda ba na ji, amma na ga kunnen yaron ya yi laushi. Sannan ya juyo ya ce, "Hajja, ki yi haƙuri, wannan na layin reno ne, bai isa fita ba. Kunya ta kama ni." Ya shiga can ciki ya ɗauko wani, ya juya ledar ya nuna mini fararen saiwoyi sun leƙo ta hudar ƙasa, ya ce daga yau ko a wurin wa zan saya in fara duba nan. Bai karɓi ko sisi ba, ya kuma biya mai babur. Na yafe, amma ban daina dubawa ba. Ku ma ku juya leda ku duba gindinta, kuma ku fi son mai sabon toho a kan mai buɗaɗɗen fure. In kun tarar ba ya nan, ku gaisa da yaran ku juya.

Damina kuwa, in ruwa ya zauna wajen tsakiyar Yuni, ita ce lokacin da kuɗinki zai yi miki aiki. Shekarar farko shi ya zo da kansa ya yi mini dashe, ladansa sefa 2,000 ban da kuɗin babur. Da la'asar sakaliya ya iso, ya ce ba a dashe da rana tsaka. Ya haƙa rami ya ninka girman ledar, ya cuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki wanda ya riga ya koma baƙi ba wari, ya barbaɗa toka kaɗan saboda gara. Na riga na sa an kawo mini ɗanyen kashin shanu buhu guda, ya ce a kai shi bayan gida ya shekara tukuna, ɗanye yana ƙona saiwa yana kuma gayyato gara. Sai ya fito da reza daga aljihu, ya tsaga ledar daga sama har ƙasa, ya tallabo ƙasar da tafin hannu biyu ba tare da ta fashe ba, ya sauke ta a ramin a hankali. Na tsaya ina kallon hannun nan. Wanda ya iya tallabar kai da wuya ba ya ɓoyuwa. Buganbil musamman, ya ce, in ƙasar gindinsa ta watse to sai addu'a.

Abin da ya dasa mini a damina biyu, yawancinsu suna nan. Ibiskus ja, wanda in kin kalli furensa za ki gane ɗan'uwan kuɓewa da yakuwa ne, kowane fure kwana ɗaya yake yi ya faɗi, gobe wani ya buɗe. Yasmin a bakin tagar ɗakina, don ƙamshin dare. Faranjipani, wanda sanda kawai ya ba ni ya ce in jingine ta a inuwa mako guda bakin yankan ya bushe kafin in soka, in ba haka ba ruɓewa za ta yi. Wata 'yar shimfiɗaɗɗiya mai launi-launi da jikokina suka sa wa suna ƙarfe tara, don sai hantsi take buɗe ido, kafin la'asar ta rufe. Albasar kwaɗi, wadda muke takawa a fadama muna yara ba mu san ado ba ce, ruwan farko na sauka take turo farin fure mai jan zane. Perbansh ɗin gyara kuwa ya zama ɗan gida, yana zubar da iri yana tsirowa har a tsagar siminti. Iksora ne kaɗai ya ƙi ni, ganyen ya yi ta rawaya har na haƙura, ƙasar gidana da ruwana ba su karɓe shi ba.

Agusta kuma matsalarta yawan ruwa. Kariyar da ta ci bazara ba ta ko tari ba, a nan ta kusa tafiya, gindin ya fara laushi ta gefe ɗaya. Ya ce in zare ta, in yanke ruɓaɓɓen wurin, in bar ta ta sha iska kwanaki, in mayar da ita cikin yashi da fasassun katanga na tukunya a ƙasa, in ja ta ƙarƙashin rumfa har ruwa ya ɗauke. Ta tashi. A ƙarshen damina kuma, in kogi ya cika ko an saki ruwan madatsar Lagdo, lambun nasa kan koma bakin titi, yaran suna jidar leda a ka. Ya ce tun ambaliyar 2012 da ta share masa kaya bai ƙara yarda da Binuwai ba. Lokacin ba na zuwa, gangaren santsi ne da shi, mai irin gwiwata ba ta da abin nema a can.

Ƙorafina mafi girma har yau shi ne ƙasar da na saya a wurinsa. Kura biyu na baƙar ƙasar bakin kogi, kowace sefa 3,000, ta yi kyau a ido. Ashe cike take da 'ya'yan aya-aya. Wanda ya san wannan ciyawa ya san abin da nake nufi: ka cire kai, ƙwayar tana ƙasa tana dariya, bayan kwana huɗu ta dawo da ƙannenta. Shekara biyu ke nan ina yaƙi da ita a zaune kan kujera 'yar tsugunne da tsohuwar wuƙa. Da na yi masa magana cewa ya yi ƙasar kogi ta gaji haka. To in ta gaji haka ai sai a faɗa wa mai saye, ko a tankaɗe ta a ƙara kuɗi. Na biyu, maganin ƙwari da yake ɗurawa a gorar ruwa ba takarda ba suna. Wannan ban saya ba, kuma na faɗa masa a gaban yaransa cewa na ga abin da irin wannan gora take yi in ta faɗa hannun yaro mai ƙishi. Da wani farin ƙwaro mai kama da auduga ya kama ibiskus ɗina, tururuwa suna hawa suna sauka suna kiwonsa, 'ya'yan darbejiya na daka na jiƙa suka kwana, na tace na sa ɗan sabulun wanka na fesa da yamma, sau uku a tsakanin mako biyu. Ya ragu sosai. Shi ma ya san wannan haɗin, da na faɗa cewa ya yi, "Ai shi ya fi, mutane ne ba sa son daka."

Akwai abin da ya hana ni wanda sai daga baya na gode. Loriye, mai dogon ganye da fure ruwan hoda, wanda ake shukawa a bakin ofisoshi. Sau biyu ina nema yana cewa gidan da ke da jikoki da dabbobi ba ya kai shi, ganyensa guba ne. Ana jibi babbar sallah ta 2024 ragon layyarmu ya tsinke igiya da tsakar dare. Da asuba na fito na tarar ya aske ibiskus har ƙasa, ya rage wa yasmin tsawo, yana tsaye yana tuƙa yana kallona. Kariya ta tsira don tana kan bulo. Na zauna a bakin rijiya kamar in yi kuka. Malam, wanda tun farko yake kiran aikin nawa furen juji, ya leƙo ya ce, "To alhamdu lillahi, yau dai furen nan ya shiga tukunya." Da loriye ne a wurin da ba mu yi layya da ragon nan ba. Ranar sallah na aika wa mai lambun cinya guda, na ce a gaya masa ga ibiskus ɗinsa ya dawo. Ibiskus ɗin ma ya sake toho kafin wata ya zagayo, har ya fi da cika.

Lokacin kaka ba shi da yawan magana. Ruwa ya ɗauke, ana tara irin ƙarfe tara da perbansh a ƙullin takarda, ana rage rassan da suka yi tsawo. Yana turo yaro ya yi aski a sefa 1,500, amma ki tsaya a kansa. Na shiga sallar la'asar sau ɗaya na fito na tarar an yi wa buganbil ƙwal-kwabo, sai da na yi wata biyu ina kallon katanga tsirara.

Ga 'yan'uwana masu shekaru, ga abin da zan ƙara. Wurin ba shi da benci, in za ki daɗe ki tafi da 'yar kujerarki ko ki zauna kan bulo. Ba a rubuta kuɗi a jikin komai ba, farashin yana bin takalmin mai saye, don haka ki tambaya ki taya. Ƙananan dashe daga sefa 500 ne zuwa 1,000, manya su kai 2,500 ko fiye. Yana karɓar kuɗi ta waya, amma kiran wayar tasa sai an yi sa'a, hannunsa kullum a cikin laka yake. Ki je da safe kafin ƙarfe tara. Kuma ki gaya masa gaskiyar ƙarfinki. Da na ce masa bayana ya fara ciwo, shi ya ba ni shawarar in ɗora tukwane a kan bulo bibbiyu don in daina sunkuyo, in bar butar ban ruwa mai lita 10 in koma mai lita 5, gara in yi sawu biyu da in kwanta mako guda. Ya kuma hana ni ƙara ko tukunya ɗaya a bara, ya ce goma sha huɗun da nake da su sun ishi mace ɗaya da jika mai zuwa makaranta.

Saura magana ɗaya a tsakaninmu da ba ta ƙare ba. Tun shekarar farko nake son farin buganbil a gefen ƙofar zaure. Sau biyu yana ba ni yana rantsuwa fari ne, sau biyu yana fitowa mai ruwan makuba, don ba ya sa alama a jikin leda, da ka yake riƙewa. Wannan karon na ce ba zan ɗauka ba sai na ga launi da idona. Ya ware mini guda a can gefen mangwaro, na yage bakin tsohuwar atamfata na ɗaura masa a reshe don kada yaron nan ya sayar wa mai mota. Ranar Talatar da ta wuce na aiki jikata ta dubo, ta ce ƙyallen yana nan, ya fara toho, amma launi bai nuna ba tukuna.